Adashena da Banki

Hadi, ka kira Asama'u da Talatu ku zauna wuri ɗaya kafin ka ci gaba da karanta takardar nan. Ka karanta musu da ƙarfi, kada ka tsallake layi don ka rufa min asiri, asirin ya riga ya tonu a gaban mata goma sha ɗaya. Asama'u, na san ki da dariya ba wuri, ki riƙe ta sai an gama. Talatu, ke kuma ban da kuka, ban mutu ba, fita daga Dubai kawai aka hana ni. Na zaɓi rubutu ne don idan na kira a waya ba na kai ƙarshen magana Hadi zai ce, "Ai na faɗa miki, Hajiya." Takarda kuwa ba a katse ta.

Kun san uwarku. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Boko a jikin buhun sukari da kwalin ashana na koya, lissafi kuma a Kantin Kwari, har suka sa min A'i Kalkuleta. Shekara talatin ina uwar adashe, ba a ci kwabona ba, ban ci na kowa ba. To wannan ilimin nawa ne ya kai ni inda nake.

Shekara biyu da rabi ke nan, ina zaune a ofishinmu na kago, wato na aika kaya gida, a Al Sabkha, wanda muka haɗa da Ɗalhatu ɗan wana, sai ga wani mutum da kwat da jaka. Ya ce daga banki yake. Ya ce tunda ina da iƙama, takardar zama a ƙasar, kuma sunana na kan takardar kamfani, za su ba ni kati mai dirhami dubu arba'in. Ba jingina, ba a zo a ga gidana ba, ba a tambayi wa ya haife ni ba. Abin da ake so kawai, duk wata in biya kashi biyar cikin ɗari.

Na ce, "Dubu biyu ke nan."

Ya ɗauko waya ya danna, ya ɗago ya dube ni. Ya ce haka ne, Madam.

Na ce, "Akwai ruwa?"

Ya ce in dai na biya a kan lokaci babu.

Na ce tun ba a haife shi ba ba a taɓa jirana da zubi ba. A raina kuwa na gama lissafi. Dubu biyu sau ashirin, dubu arba'in. Adashe ne na mutum ashirin, kuma ni aka ba ɗaukar fari. Wanda ya san adashe ya san yadda ake faɗa a kan ɗaukar fari. Ga shi an kawo min har kujera, ana roƙona.

Ya zube takardu ya ce in sa hannu nan da nan da nan. Har da wani cek da ya ce na ajiya ne, ba za a taɓa shi ba.

Ɗalhatu ya ce, "Gwaggo, ki bari a karanta takardun nan tukuna."

Na ce, "Wannan rubutun mai kama da kashin ƙuda? Da magana ce mai muhimmanci ai da manyan baƙaƙe za su rubuta ta."

Akwai wurin da ake sa lambar mutum biyu da suka san ka. Na sa Ɗalhatu. Na biyun kuwa na sa Hajiya Wasila, wadda muke gasar kaya da ita tun a Kwari. Ba don komai ba sai don bankin ya kira ta, ta ji a kunnenta cewa A'i ake ba kati. Ku riƙe wannan, zan dawo kanta.

Da yamma na koma fulat ɗinmu na Muraqqabat na ba Edith labari. Kun san Edith, 'yar Kafanchan ɗin nan da muke zama tare, mai aiki a shagon canjin kuɗi. Ta ajiye cokali.

"Mama, wannan ba adashe ba ne fa."

"To mene ne?"

"Bashi ne mai haihuwa. A kan lokaci da ya ce miki, nufinsa ki biya duka a watan. In kika biya kaɗan, sauran yana ƙaruwa."

Na ce, "Edith, ke kuɗin mutane kike ƙirgawa ta bayan gilashi. Ni nawa nake ƙirgawa tun uwarki na goye. Ci abincinki."

Kwana uku katin ya yi ya ƙare. Na tsallaka Bur Dubai na ɗebi leshi da yadi, na dawo Deira na ɗebi abaya. A wani shago na tarar da Wasila tana ƙirga kuɗi tana lasar yatsa. Na tsaya a kanta.

"Hajiya Wasila, har yanzu lasar yatsa ake yi?"

Na zaro katin, mai shago ya zura a na'ura, ta yi ƙiiit, takarda ta fito. Wasila ta ce, "Allah ya sa alheri." Na ce, "Ya riga ya sa." Daga ranar duk inda matan Kano suka taru cin tuwo a Sabkha sai na buɗe aji. Na ce musu Bature da Balarabe sun shekara ɗari suna banki, ashe adashe suke yi ba su sani ba, sai da aka samu wadda ta gane su.

Na sayi littafi na ja layi ashirin, yadda nake yi wa matan unguwa. Duk ɗaya ga wata ina gaban injin banki da dubu biyu, in dawo in soke layi. Saƙo na shigo min a waya da Turanci, ni dai lamba nake dubawa. Na lura abin da suke nema kowane wata yana ɗan raguwa, bai kai dubu biyu ba. Na ce su ma sun ga amanata suna min rangwame. Amma ni ba na son alfarma, dubu biyu na ci gaba da kai musu cif.

Ranar da na soke layi na ashirin na gayyaci mata shida, har da Wasila, muka hau abra, kwalekwalen nan da ke tsallaka da mutane. Muna tsakiyar ruwa na miƙe na fito da almakashi, na yi gajeren jawabi a kan riƙon amana, na datse katin biyu. Na ɗaga hannu zan jefa a ruwa sai direban ya daka min tsawa, ya ce haramun ne, tara ce, in zauna kada in kifar masa da jirgi. Na zauna da guntayen kati a hannu. Wasila ta ce, "Ki ajiye, Hajiya, wataƙila ya yi saiwa."

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki waya ta yi ƙara. Wata mata ce mai sanyin murya, da Turancin da nake tsinta ɗaya ɗaya. Ta ce ba su ga biyana na wannan wata ba.

Na ce, "Halas. An gama. Zubi ashirin."

Ta ce saura dubu goma sha takwas da ɗari biyar.

Na ce, "Na wa?"

Ta ce nawa.

Na ce ta ɗauko littafinta in ɗauko nawa. Ta ce ba littafi ba ne, na'ura ce. Na ce to na'urar ta koma makaranta.

A nan ne na yi dabarar da nake ganin ba mai yin irinta. Kun san a kasuwa idan mai kaya ya faɗi farashin banza, ba a gardama da shi. Juya baya ake yi a tafi a hankali. Kafin ka kai bakin layi zai kira ka, "Hajiya zo, nawa za ki ba da?" Ban taɓa yin wannan ta ƙi ci ba, daga Kwari har Guangzhou. Sai na ce mata, "Albarka," na kashe waya.

Suka kuwa kira. Na ce wa Edith, "Kin gani? Sun fara saukowa." Na ɗaga da isa. Dubu goma sha tara da wani abu.

Na ce, "Baiwar Allah, wace irin kasuwa ce wannan, mutum ya juya baya farashi ya hau?"

Na taya dubu biyu, na ce na goro ne, don a rabu lafiya. Ta ce za su karɓi dubu biyun amma sauran na nan. Na sake cewa albarka. Wata na gaba dubu ashirin da ɗori. Ina tafiya a hankali ina jiran a kira ni da ragi, su kuma suna bina a baya suna ƙari. Suna kira da safe, suna kira ina alwala, suna kira ina tsakiyar ciniki. Na cire layin na sayi sabo.

Sai suka koma kan Ɗalhatu, har ya fara kashe waya idan ya ga lambar da ta fara da sifili da huɗu, irin ta banki. Sannan wata ranar Juma'a muna cin tuwo, mata sun cika, wayar Wasila ta yi ƙara. Ta ɗaga, ta saurara, ta danna wurin da kowa zai ji.

"Hajiya A'i, 'yan adashenki ne. Sun ce ko na san inda kike. In ce musu me?"

Na ce, "Ce musu ina cin abinci."

Ta faɗa musu kuwa, da Turancinta mai kama da ana jan buhu a kan tsakuwa, ta ƙara da sunan gidan abincin da lambar titi. Ramin da na haƙa mata tun farko ke nan, ni na faɗa, da zanina da komai.

Na ga abin na neman taɓa mutunci, sai na ce a yi yadda ake yi a gida. Idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, dattijo ake ɗauka a je ban haƙuri. Na samu Malam Nasrullahi, tsohon nan mai auna kaya a layinmu, farin gemu har ƙirji. Na sa ya saka babbar riga. Na haɗa kilishi leda biyu, turaren wuta kwalba ɗaya, da goro. Ni da shi da Ɗalhatu muka tafi reshen bankin.

Muna shiga Malam ya yi sallama da ƙarfi, ya tambayi mai gadi ina maigidan. Mai gadi ya nuna mana wata na'ura, ta tofo mana takarda mai lamba ɗari biyu da sha huɗu. Muka zauna awa ɗaya da rabi, ƙamshin kilishi ya cika wurin, mutane suna waiwaye. Da aka kira mu, Malam ya gyara hannun riga ya fara, "Ita duniya, 'yata, ɗan Adam ajizi ne." Ɗalhatu na fassarawa yana zufa. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, mai ladabi ce. Ta ce ba sa karɓar kyauta. Ta ce kuma masu karɓar bashi ba a nan suke ba.

Na ce, "To ina suke? Mu je."

Ta rubuta min lamba. Lambar da nake gudu ce wata biyar.

Na ce, "Ke nan bankin nan ba shi da babba? Ba wanda za a durƙusa wa?"

Ta ce in ina da ƙorafi akwai wata lambar.

A hanyar dawowa cikin jirgin ƙasa Malam ya ce tunda ba a karɓa ba kada a yi asara. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya buɗe kilishi. Mai duba tikiti ya zo ya rubuta masa tarar dirhami ɗari, don ba a cin abinci a ciki. Ni na biya. Ban haƙurin da na je yi ke nan.

Lokacin kuɗin sun haura dubu ashirin da huɗu, na ce to shi ke nan, a ba su a huta. Sai na duba hannuna. Kwantenarmu ta maƙale a tashar Legas wata uku, jarina duk yana ciki, waɗanda nake bi bashi a Kwari kowa sai ya ce bayan salla. Da ina da kuɗi ba ni da niyya, da niyya ta zo kuɗi sun tafi.

Edith ta ce, "Mama, cek ɗin nan da kika sa wa hannu, za su kai shi. In ya dawo ba kuɗi, maganar 'yan sanda ce a ƙasar nan. Kada ki je filin jirgi sai an duba miki."

Na ce, "Mutumin ya ce ba za a taɓa shi ba."

"Mutumin ma ya bar aikin tun bara."

Ana cikin haka Talatu ta haihu, aka ce sunana za a sa wa jaririyar. Sai wata dabarar ta zo min, wadda ta fi duk na baya. In tafi suna, in yi zamana a Kano. Bankin da ba shi da babba, ba shi da ƙafa, ya biyo ni Gwammaja in ya isa. Na faɗa wa Ɗalhatu. Ya ce, "Gwaggo, ni dai ba ruwana." Na ce dama ruwan ai nawa ne.

Ni da mata goma sha ɗaya za mu hau jirgi ɗaya, ni ce shugabar ayari kamar kullum. Na sha leshi mai duwatsu, na shige gaba ina ba da umarni. "Yalla, ku bi ni a baya. Wadda ba ta san hanya ba ta kalli ƙafata." Aka auna akwatuna, aka wuce. Muka iso wurin duba fasfo. Na ce su tsaya su ga yadda ake yi, na miƙa nawa.

Jami'in ya duba na'ura. Ya dube ni. Ya sake duba na'ura. Ya ɗaga waya.

Na juya na ce wa matan, "Mai iƙama daban ake duba shi."

Sai ga wata jami'a ta zo ta tsaya a gefena, cikin mutunci, ta ce in biyo ta shwayya, wai na ɗan lokaci. Na ce jirgi zai tashi. Ta ce ta sani. Na ce jikata za a raɗa wa suna. Ta ce mabruk, ta nuna min hanya.

Duk layin ya zubo min ido. Sai muryar Wasila daga baya, yadda za a ji ta har ƙofar jirgi:

"Ku matsa mu wuce. Ai uwar adashe ba ta tafiya sai kowa ya ɗauka."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya ta gabana, kowace tana "Allah ya kyauta, Hajiya," kowace kafaɗarta na rawa. Ta ƙarshe ta tambaye ni ko akwai saƙon da za ta kai gida. Na ce ta kai bakinta.

A ofishin 'yan sanda aka nuna min cek ɗina, da sa hannuna ɓaro ɓaro, wanda na koya wa kaina a jikin kwalin ashana. Aka ce ba zan kwana a gida ba sai wani ya tsaya min ya ajiye fasfonsa. Ɗalhatu ya zo, ya dube ni, ya dubi sama, ya ajiye. Ga nawa ga nasa a aljihun tebur ɗaya, sai ranar da na kawo takarda daga banki cewa mun daidaita. Shi da ya ce ba ruwansa. Ya sayi tikitin zuwa ganin iyalinsa sati na gaba, ya ƙone. Yanzu ba ya min magana sai gaisuwa. Jirage kuwa ta saman Deira suke bi, duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai ya ja numfashi ya ce, "Allah sarki." Sau arba'in a yini. Na gwammace ya zage ni.

Sunan kun san yadda na gan shi, a waya, fuskar takwarata kamar ƙwayar gyaɗa. Na ji wata a bayan Talatu tana cewa, "Ina Kalkuleta?" wata ta ce, "Batir ne ya ƙare." Na gane muryar, zan dawo.

To ga inda aka tsaya. Edith ce ta zauna ta kira mutanen bankin, ta yi awa biyu tana magana a hankali, ba ta ce albarka ko sau ɗaya ba. Sun yarda su karɓi dubu ashirin da ɗaya a dunƙule, kafin talatin ga wata, su ba da takarda. In ya wuce, tayin ya tashi, sai kotu. Ina da dubu shida. Saura dubu goma sha biyar, kusan naira miliyan ɗaya da rabi. Wannan lissafin Edith ta duba min shi, ban yarda da kaina ba kuma.

Ba bara nake yi muku ba, da kayana za a biya. Akwai sarƙata da awarwaro shida a wurin Asama'u, akwai filina na Ɗanbare. Sati biyu ke nan Hadi na cewa a sayar da gwal, Asama'u na cewa a sayar da fili, Talatu na cewa duk abin da aka yi daidai ne, kwanaki kuma na tafiya. Ban ce ku raba ni da banki a kan wa ke da gaskiya ba. Wannan na bar shi sai Lahira, can za a buɗe littafina a buɗe na'urarsu. Abin da nake so, kada ku tashi daga inda kuke zaune sai kun yanke ɗaya, ku aiko da kuɗin ta hannun Edith, ku fitar da ni da yaron mutane daga garin nan.

Abu ɗaya na roƙe ku. Na ji Wasila ta riga ta aika dillali ya taya filin. Kada ku sayar mata. In kuma ita ta fi kowa tayi, to ku sallama, amma ku ce mata na wani ne.